Alhamis Uku na Dalhatu Mai Gurmi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, cikin watan Ƙaramar Salla, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dalhatu Mai Gurmi na Ɗanzomo a asibitin Gumel, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa sutura a Ɗanzomo bayan la'asar. Ina tsakar gida ina tankaɗe 'yata Naja'atu ta shigo da waya a hannu, ta tsaya a kaina. Da na ga fuskarta sai na kife rariya, na ce ta miƙo mini mayafina.

Hawan jininsa ne ya dawo. Na faɗi haka tun farko saboda maganganun da na ji suna yawo a wurin zaman makoki. Ba wanda ya taɓa shi. Kwanansa ne ya ƙare.

Sunana Safara'u, ina aure a Sule Tankarkar, ko da yake maigidan ya daɗe da rasuwa. Ni taubashiyar marigayin ce. Mahaifina da mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka tun ina yarinya nake ce masa bawan gidanmu, shi kuma ya ce mini uwargijiya. Waɗanda suka fi ni ilimi za su rubuta tarihinsa. Ni abin da na gani zan faɗa, kuma da shi zan yi magana, domin da haka na saba.

Dalhatu, na gaji. Kwana takwas ke nan ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Ka tafi ka bar mini abu a hannu wanda ya fi ƙarfina, kuma ka san ni da fargaba, ko akuya ce ta yi dare a waje ba na iya barci. Amma bari in fara da alherinka, sauran maganar za ta zo.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka yi babban farin nan da ya kashe shanu, ya kori mutane daga garuruwansu. Kai kana saurayi ka bi masu cin rani ka haura Damagaram. Bayan shekara biyu ka dawo ba riga ba kuɗi, sai ƙwarya da igiya rataye a kafaɗa, wai wani tsoho ne ya koya maka gurmi a tashar kamyo, wato ta manyan motoci. Gwaggo, mahaifiyarka, ta yi kuka kamar an yi mutuwa, ta ce a zuriyarmu ba maroƙi. Ka durƙusa ka ce mata, "Inna, na yi miki alkawari ba zan wasa kowa don ya ba ni ba." Shekara hamsin ka yi da gurmin nan, ban taɓa jin ka kira sunan mai kuɗi kana masa kirari ba.

Mutane sun san waƙarka ta farko da ta yi suna, ta tiyar awo, wadda kake cewa tiya ɗaya ce a idon mai saye, biyu ce a ƙarƙashin tabarma. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne kai kanka ba ka sake rera ta ba har ka mutu. A tsakiyar kasuwar hatsi ka yi ta, ka kira sunan wani Manu mai awo, ka ce an bubbuge gindin tiyarsa don ta rage awo. Gaskiya ne an bubbuge. Jama'a suka taso masa, aka yaga masa riga, yara suka bi shi da ihu har gida. Sai daga baya ta bayyana cewa Manu ɗan ƙwadago ne, hatsin da tiyar duk na ubangidansa ne, da safe ake miƙa masa ita, da yamma a karɓe. Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya ƙetare iyaka. Ubangidan kuwa ya sa wani a rumfar, ya ci gaba da cinikinsa.

Shekara shida kana cigiyarsa. Duk direban da ya fito daga Nijar sai ka tambaye shi. Da ka gano ƙauyen da ya zauna, kabarinsa aka nuna maka. Ka nemi gafara wurin 'yarsa Lauratu, ta ce ta yafe, amma ta ce babanta bai ƙara riƙe tiya ba har ya bar duniya. Ka dawo ka yi wata biyu ba ka taɓa gurmi ba.

Daga nan ka kafa wa kanka dokar da ka rayu a kanta. Ba ka waƙa a kan abin da ba ka je ka gani da idonka ba. In waƙar ta haɗu, wanda ta shafa shi zai fara jin ta. Da rana tsaka za ka je ƙofar gidansa, ka yi sallama, ka zauna a ƙasa, ka rera masa ita daga farko har ƙarshe yana kallonka. In yana da abin faɗa ka saurara, don sau da yawa ka gyara baiti saboda abin da ka ji a bakin ƙofa. Sannan ka ba shi Alhamis uku, ranar kasuwar Maigatari, inda kake fitar da sababbin waƙoƙi. In ya gyara kafin Alhamis ta uku, ka binne waƙar, ba mai sake jin ta, ko matarka. In bai gyara ba, kasuwa ta ji.

Shi ya sa nake gaya wa masu cewa sun san waƙoƙinka kaf cewa abin da suka sani bai kai rabi ba. Akwai wani ƙauye a ƙasar Gagarawa da famfonsu ya shekara huɗu a mace, mata suna tafiyar awa biyu neman ruwa. Wata rana sai ga ma'aikata, cikin kwana goma sha ɗaya ruwa ya zubo. Har yau mutanen garin suna sa wa wanda ya turo ma'aikatan albarka, an ma raɗa wa yara sunansa. Ni na san wanda ya zauna a ƙofar gidansa sati biyu kafin nan. Na taɓa ce maka, "Bawan gidanmu, kai da noma, wani da rumbu. Haka za ka ƙare?" Ka ce, "Uwargijiya, ruwan ya fito ko bai fito ba?" Na ce ya fito. Ka ce, "To ki ba ni fura in sha, ki daina yi wa bawa shisshigi a sana'arsa."

Ina tuna shekarar da za ka yi waƙar rijiya. Ka je wani ƙauye arewa da mu inda rijiyarsu ta yi zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, ka shiga layin mata kana jan guga, kwana bakwai. Maza na zaune a inuwa suna dariya, suna cewa Dalhatu ya zama ɗan daudu. Tafin hannunka ya tsattsage har ka yi wata guda ba ka iya kaɗa gurmi. Da waƙar ta fito, inda kake cewa wanda bai ja guga ba shi ke cewa ruwa kyauta ne, na ga mata suna kuka a gidan biki. A garinmu kaɗai na san magidanta uku da suka sayi jaki saboda kunyar waƙar nan.

Ta burtali kuwa ba wanda ta yi wa daɗi. Ka ce manomi ya cinye hanyar shanu taku ɗaya kowace damina, ka ce makiyayi yana ganin gero ya kau da kai ya bar sanda a kafaɗa. Manoma suka ce Fulani sun saye ka da nono. Fulani suka ce ai Bahaushe ba ya ƙin nasa. Ka ce tunda kowa ya ji zafi, awon ya yi daidai. Shekara biyu ba a gayyace ka ko suna ba. Amma da aka zo zaman sulhu a gaban hakimi, baitocinka dattawan ɓangarorin biyu suka riƙa jawowa.

Kaset ɗinka ya shiga ko'ina. A Gumel ana sayarwa, a Maigatari direbobin Damagaram suna saye da yawa su haura da shi, gidajen rediyo suna sawa. Kai ba abin da ya shigo hannunka sai abin da jama'a suka jefa a tabarma ranar kasuwa. Zamanin soja an tsare ka kwana uku saboda waƙar takin zamani, ka fito ka ce sauro ne kawai ya yi maka tambayoyi masu ma'ana. Da siyasa ta dawo wani ɗan takara ya aiko maka da makullin mota. Ka juya shi a hannu, ka ce wa ɗan aiken, "Ka ce na gode, amma rumfa ɗaya gare ni, kuma akuyata ta riga ta kama."

An yi ta ba da labarin nan ana dariya. Ni ban yi dariya sosai ba, don na san wadda ta biya kuɗin wannan amsa. Mariyamu ce, matarka. Ita ta yi shekara arba'in da biyar tana tuyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi ya cinye mata ido, don yara su ci su je makaranta. Noma ba ka iya ba, Dalhatu, kowa ya sani, gonarka ce ake nuna wa yara in ana so a ce musu ga abin da lalaci ke jawowa, alhali ba lalaci ba ne, kana can kana jan gugar wasu. Kana da taurin kai, kuma in waƙa ta kama ka ba ka ganin wanda ke gabanka. Na faɗa maka wannan kana da rai, shi ya sa na iya rubuta shi yanzu. Duk wanda zai yabe ka, ya fara da gaishe ta.

Karatuna ma kai ne sanadi. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a garinmu, ka yi waƙa kana zuga mata su shiga. Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin. Ka zo har gida ka ce, "Uwargijiyar da ba ta iya karanta takardar asibiti, ai bawa ma sai ya sayar da ita." Haushi ya sa na je. Shekara uku ina fama, yaran da na haifa suna gyara mini baƙi. Na ce maka kai fa, me ya hana ka shiga? Ka ƙwanƙwasa goshinka ka ce ga littafinka nan, ba ya jiƙewa, ba ya yagewa.

Yanzu na zo kan abin da ba zan iya biyanka ba, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni.

Ɗana Habibullah, na uku a 'ya'yana, ya fara acaɓa yana da shekara ashirin, bayan rasuwar mahaifinsa. Sule Tankarkar zuwa Gumel, Gumel zuwa Maigatari, tun asuba har magariba. Abokan sana'a suka nuna masa ƙwayar da ke hana jin gajiya. Ni ina ganin yaro ya rame, idonsa ya canza, ba ya cin tuwo, ina cewa wahalar hanya ce. Na sani, amma ban so in sani ba. Sai ranar da aka kawo mini shi a amalanke, an tsince shi a gefen titi yana kumfa. Na rufe ƙofa, na ce wa maƙwabta farfaɗiya ce.

Kai ka zo washegari. Ba ka yi masa wa'azi ba, ba ka zage shi ba. Ka zauna a bakin tabarmarsa ka ce, "Habibu, ƙafata ta fara gajiya, ina neman mai babur da zai riƙa kai ni kasuwa. Amma ba na hawa bayan wanda hannunsa ke rawa." Ka tafi da shi Ɗanzomo. Kwana arba'in kana tare da shi a ɗaki ɗaya, yana zufa, yana amai, yana zaginka, sau biyu ya gudu ka bi shi ka dawo da shi. Mariyamu ta ce mini da hannunsa ya ƙi daina rawa sai ka ɗora masa gurmi a cinya, ka ce tunda yatsun suna son motsi, a ba su aikin yi.

Shekara bakwai ke nan bai koma ba. Ya yi aure, shi da Amatullahi suna da 'yarsu Ummi. Da ciwo ya buge ka shekara biyu da suka wuce, hannunka na dama ya mutu, shi ya zama mai kaɗa maka, kai kana rerawa. Ciwon bai tsaya a hannu ba. Sai ka fara baiti ya ɓace maka a tsakiya. Wata safiya Habibullah ya sauke ka a gidana ya tafi aiki, ka zauna ka ce, "Uwargijiya, ashe littafin nawa gara ta shiga. Ɗauko naki." Tun daga ranar, kai kana faɗa ina rubutawa, in ka manta in karanta maka. Ina jinkiri, kana tsaki, kana cewa kafin in gama layi ɗaya an yi shuka an girbe. Waɗannan safiyoyi su ne mafi daɗin abin da karatu ya ba ni.

Cikin samarin da suka fara acaɓa tare da Habibullah, biyu sun mutu. Ɗaya yana nan a tasha, ba riga, yana tsintar ɓawon rake, uwarsa tana kai masa abinci yana jifanta da kwano. Kai ka shekara guda kana zama a tashoshi, wai kana shan iska, kana sauraro. Ka bi abin daga hannun yaran da ke sayarwa ɗaya-ɗaya har zuwa gidan da kayan ke sauka. Saboda abin da ya sami Manu, ba ka yarda da ta bakin mutum ɗaya ko biyu ba, sai da ka tabbatar wannan karon mai hatsin ka kama, ba ɗan ƙwadago ba. Bayan babbar salla ta bara ka ce mini, "Akwai waƙa ɗaya da ta rage mini, daga ita na sauka."

Da na ji kan wanda za a yi ta, biro ya faɗi daga hannuna. Na ce zan rubuta, amma da sharaɗi, ka cire mini ɗana daga ciki. Kada ya kaɗa, kada ya kai ka, kada ya ji. Ka dube ni ka daɗe, ka ce, "Ba zai ji ta daga bakina ba." Ka cika. Sai ya sauke ka ya tafi muke buɗe littafi. Baiti ashirin da uku, wata biyar muna yi, sannan wata biyu ina maimaita maka har suka zauna.

Ranar Juma'a ta farko bayan salla ka ɗauki shatar adaidaita sahu kai kaɗai, ba gurmi, ka je ƙofar mutumin. Ka ba ni labari da ka dawo. Ka yi sallama, ya fito, ka zauna a ƙasa kana buga gwiwarka da hannun hagu, ka rera har ƙarshe ba ka manta ko kalma ɗaya ba. Ya sa aka kawo maka ruwan sanyi. Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya ƙara lafiya, tsoho." Washegari ya aiko da buhun shinkafa, ka mayar. Iyakar abin da ka gaya mini ke nan.

Sauran a bakin Mariyamu na ji, ranar da aka binne ka. Bayan shinkafar da kwana biyu wasu samari biyu suka zo gaishe ka. Da za su tashi ɗaya ya ce, "Baba, ina mutumin nan naka mai babur? Ka ce masa ya riƙa kula, titin Maigatari ba kyau kwanan nan." Ka ɓoye mini, Dalhatu. Na san don kada in tashi hankalina ne, amma ka ɓoye mini.

Alhamis ta farko ta wuce, ba abin da ya canza. Talata ka rasu. Alhamis ta biyu ta faɗo ranar sadakar uku, kuma mutumin ya zo da kansa, ya zauna a sahun gaba, ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a. A nan mai adaidaitar da ya kai ka ya matso kusa da Habibullah ya raɗa masa abin da ya gani da abin da ya ji.

Jiya, washegarin sadakar bakwai, Habibullah ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa.

"Iya, ba ni littafin."

Na ce wane littafi.

"Iya, ni fa ba Ummi ba ce da za a ce mini kura ta ɗauke. Jibi Alhamis ta uku. Zan kai waƙar Kawu kasuwa."

Na ce kana da mata, kana da 'ya. Ya ce wanda ke tasha ma yana da uwa. Na ce mutanen nan sun san babur ɗinka, sun san hanyarka. Ya ce ya sani. Na yi kuka, na ce in ya ƙara maganar ban yafe ba. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Iya, shekara bakwai ban taɓa ba. Ba wai na daina so ba ne, har yau in na wuce wurin sai na ji shi a maƙogwarona. Gurmin nan ne a hannuna. In na ajiye shi don tsoro, wallahi ban san abin da hannun zai ɗauka ba."

Ba barazana yake yi mini ba. Ni na haife shi, na san lokacin da yake faɗin gaskiya. In na ba shi, ina tsoron titi. In na hana shi, ina tsoron amalanke ta sake tsayawa a ƙofata.

Sai dabara ta zo mini, irin ta tsohuwar da tsoro ya kama. Na ce, "Alhamis ukun na Kawunka ne, shi ya zauna a ƙofar, kuma sun tafi tare da shi. Kai ƙofar wa ka je? Tun bayan Manu, Kawunka bai sake yi wa mutum waƙa a bayan idonsa ba. In za ka rera, sai ka je ka zauna a gabansa tukuna, ka ƙirga naka ukun." A raina ina cewa zai ja baya. Ko bai ja ba, na sami sati uku, kafin nan wataƙila ruwa ya sauka, gona ta ɗauke masa hankali, zuciya ta huce.

Can ya ce, "Gaskiyarki, Iya. Na kusa yin abin da Kawu ya yi wa Manu. Jibi da hantsi zan je ƙofarsa, kafin ya fita kasuwa."

Ka ga abin da na yi, Dalhatu? Kasuwa tana da ido dubu, ko mugu yana jin kunyar taro. Ni da bakina na ɗauke shi daga cikin jama'a na kai shi ƙofar da ba kowa sai yaran mutumin. Kuma ba ni da halin janyewa, don abin da na faɗa gaskiya ne, da kana nan haka za ka ce.

Na yi ta juya abin har na gaji da juyawa. Ga inda na tsaya. Zan ba shi waƙar, amma littafin ba zai bar hannuna ba. Baiti ashirin da uku ba sa zama a kai cikin kwana biyu, kuma rubutuna da alamomin da na sa a inda kake jan numfashi ba mai gane su sai ni. Don haka tare za mu je. Shi zai zauna da gurmi, ni in zauna a bayansa da mayafina, in riƙa ba shi layi yana ɗauka. Ya ce ba za a yi haka ba, na ce to ba littafi. Mariyamu tana takaba ba ta fita, amma da ta ji, sai ta aiko da gurminka na asali, wanda ka zo da shi daga Damagaram, ta ce a gaya mini ita ma ta gaji da tsoro tun kafin a haifi Habibu, kuma ba ta ga abin da tsoron ya amfana mata ba.

Yau da safe na je wurin limaminmu da mai unguwa, na faɗa musu sunan mutumin da inda gidansa yake. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Liman kuwa sai ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu tashi. Ban san abin da yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Wannan takarda kuma Naja'atu za ta buga ta a waya ta sa inda jama'a za su gani kafin magariba. Ta'aziyya ce, amma ba zan ɓoye ba, ina so a san inda muka nufa.

Sunan mutumin ba ya cikin takardar nan, ko layi ɗaya na waƙar babu. Yana da Alhamis uku daga gobe, haƙƙinsa ne, ba ni zan tauye masa ba. In yana karanta wannan, ina gaya masa cewa ni ba abokiyar gabarsa ba ce, tsohuwa ce da aka taɓa kawo wa ɗanta yana kumfa. In ya rufe wannan harka, da hannuna zan yage shafukan in sa a murhu, ba wanda zai san shi ne, ya ci gaba da zama a sahun gaba. Na rubuta waƙoƙinka da yawa, Dalhatu, wannan ta fi su duka, na sani tun ina rubuta ta hawaye na ɗiga a takarda. Kuma ban taɓa roƙon Allah wani abu kamar yadda nake roƙon kada kowa ya ji ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mariyamu, Allah Ya saka mata da haƙurin da ta yi, Ya ba ta ladan da mutane ba su gani ba. Ina yi wa 'ya'yansa Abduljabbar da Hadiyya da Nana Firdausi ta'aziyya, da jikokinsa, da dangi na Ɗanzomo da na Sule Tankarkar, da jama'ar Gumel da Maigatari da Gagarawa, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka da suka riƙe kaset ɗinsa shekara da shekaru. Duk wanda marigayin ya ɓata wa, da waƙa ko da baki, ina roƙonsa ya yafe masa don Allah. Waɗanda kuma ya taɓa zama a ƙofarsu suka gyara, asirinsu yana kabari tare da shi, su yi masa addu'a a zuciyarsu, ya isa.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Dalhatu, Ka gafarta masa, Ka yafe masa abin da ya yi cikin ƙuruciya bisa kuskure. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya yi sanadin ruwa ga waɗanda ba su san shi ya yi ba. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, tare da iyayenmu da dukkan Musulmi. Ka shiryi wanda za mu je ƙofarsa, Ka shiryi 'ya'yanmu da ke kan titi. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙanka, bawan gidanmu. Wanda duk ya karanta wannan, gobe da hantsi ya ɗaga hannu ya roƙa mini abu ɗaya, Allah Ya dawo mini da ɗana gida.

Safara'u Ɗanzomo
Sule Tankarkar, Laraba, 23 ga Afrilu, 2025